Ƙarancin Ma'aikatan Jinya da Makomar Yara Masu Ciwon Daji

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji, wato sankara, a kowace shekara, kuma yayin da fiye da kashi 80 cikin 100 ke warkewa a ƙasashe masu arziki, waɗanda ke tsira a ƙasashe matalauta da dama ba su kai kashi 30 ba. Ƙarancin ƙwararrun ma'aikatan jinya na daga cikin musabbaban wannan giɓi, domin su ne ke ɗura maganin kashe ƙwayoyin cutar ta jijiya, su ne kuma ke lura da zazzaɓin da kan hallaka yaro cikin sa'o'i idan maganin ya raunana garkuwar jikinsa.

A shekarar 2014 ƙungiyar ƙwararru kan sankarar yara ta duniya, SIOP, ta shimfiɗa ƙa'idar cewa kada ma'aikacin jinya ɗaya ya kula da yara fiye da biyar, kuma a daina sauya wa waɗanda suka ƙware sashe. Cika wannan ƙa'ida na da wuya a ƙasashe irin su Nijeriya da Gana, inda ƙarancin albashi da yawan aiki ke sa gogaggun ma'aikata ƙaura zuwa Birtaniya. Saboda haka burin da Hukumar ta sanya a 2018, na ceto kashi 60 cikin 100 na waɗannan yara nan da 2030, ya rataya ne a kan horar da ma'aikatan jinya da kyautata musu domin su zauna.