Ƙarfin Doki Nawa Turbo Ke Ƙara wa Injin Mota?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda garwashi ke yin jajur da zarar an motsa zugazugi. Haka abin yake a cikin injin mota. Fetur ba ya cin wuta sai da iskar oksijin, kamar yadda abinci ba ya zama kuzari a jikin ɗan Adam sai da numfashi. Kowane giram 1 na fetur yana bukatar kusan giram 14.7 na iska. Saboda haka, iyakar iskar da silinda ta shaƙa ita ce iyakar ƙarfin injin.

Na'urar turbo, wadda injiniya Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, zugazugin inji ce. Hayaƙin da ke kan hanyarsa ta fita salansa shi ke juya wata 'yar farfela fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke danna iska cikin silinda.

To, yaya za a ƙiyasta ƙarin? Matsin iskar da muke shaƙa a bakin teku kusan bar 1 ne. Mu ɗauki inji mai ƙarfin doki 100, wanda turbo ta ƙara wa bar 0.5. Matsi ya zama 1.5 ke nan, sai a ce ƙarfi ya koma 150. Nan lissafin masu talla yakan tsaya, amma da sauran aiki.

Ɗalibin kimiyya ya san cewa idan aka matse iska sai ta yi zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyin mai sanyi. Iskar da ta shiga da zafin digiri 30 za ta iya fitowa daga turbo da kimanin digiri 83. A ma'aunin Kelbin, wato bayan an tara 273, sun zama 303 da 356. Sai a ninka 1.5 da 303, a raba da 356. Amsa ita ce 1.28, wato ƙarfin doki 128 kacal. Kusan rabin ribar zafi ya cinye.

Shi ya sa ake ratsa iskar ta cikin wani ƙaramin lagireto kafin ta isa silinda. In ya sauko da ita zuwa digiri 45, wato 318, lissafi ya ba da 1.43. Ko a nan ma sai an rage wani abu, domin farfelar tana tare wa hayaƙi hanya, fistan kuma sai ya yi wahalar ture shi. A ganina, wanda ya ce 135 zuwa 140 bai yi nisa da gaskiya ba. Malamai za su iya sauya alƙaluman su ba ɗalibai su gwada.

A wuri mai tudu kamar Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, matsin iska bai wuce bar 0.88 ba, don haka inji marar turbo yakan rasa wajen kashi 12 cikin 100 na ƙarfinsa. Turbo tana cike akasarin wannan giɓi.

Bakaniken da ya ƙara matsi fiye da ƙima kuwa, ya jawo wa mai mota asara. Fetur zai riƙa fashewa da kansa maimakon ya ci wuta a hankali, injin ya shiga ƙwanƙwasa, fistan ya tsage ko ya narke.