Ma'aikacin gidan waya da mai zane

Yau za mu yi magana bisa ma'aikatan gidan waya da darajar aikinsu. Ku saurari labarin ɗaya daga cikinsu.

A shekarar 1888, wani mai zanen hotuna da fenti, mutumin ƙasar Holanda, ya sauka garin Arles, kudancin Faransa. Sunansa Vincent van Gogh. Baƙo ne, ba shi da kowa a garin, kuma mutane ba su sayen zanensa. Ƙanensa Theo ne ke aiko masa da wasiƙa da kuɗi daga Paris. In wasiƙa ta makara, sai ya shiga wahala.

Nan ya sadu da Joseph Roulin, ma'aikacin gidan waya mai kula da wasiƙu a tashar jirgin ƙasa. Albashinsa kaɗan ne, ga mata da ƴaƴa 3. Duk da haka ya riƙe baƙon nan kamar ɗan'uwa.

Galibi manya da masu kuɗi ne ake zana wa hoto. Amma Van Gogh ya zana Roulin da fenti har sau 6, cikin kayan aikinsa: shuɗiyar riga mai maɓallai ruwan zinariya, da hula mai rubutun gidan waya, ga dogon gemu har ƙirji. Ya zana matarsa da ƴaƴansa kuma.

A watan Disamba na 1888, Van Gogh ya samu taɓin hankali har ya yanke kunnensa. Mutane da yawa suka guje shi. Roulin kuwa ya riƙa zuwa duba shi asibiti, yana rubuta wa Theo labarin jikinsa. A farkon 1889 aka yi wa Roulin canjin wurin aiki zuwa Marseille, amma bai bar rubuto masa wasiƙa ba.

Yau hotunan nan suna manyan gidajen ajiyar zane na Amurka da Turai, mutane na zuwa kallonsu.

Jama'a, duk wanda ya taɓa jiran saƙon ɗansa da ya tafi ci-rani ya san amfanin ma'aikatan nan. Ranar 9 ga Oktoba ita ce ranar gidan waya ta duniya. Mu girmama su. Ku da kuka koyi rubutu, in za ku aika saƙo, ku rubuta suna da gari da kyau, don ku sauƙaƙa musu aiki.

Sai wani jiƙo.