Illar Magani a Fatar Mai Taɓin Hankali

Akwai wata cutar fata da magani kan haddasa, wadda likitoci ke kira Stevens-Johnson, wato sunayen wasu likitocin yara biyu na Amurka da suka yi bayaninta a shekarar 1922. Bahaushe zai iya sanya ta a sahun borin jini, amma wannan suna ya yi mata kaɗan, domin borin jini kan lafa cikin ɗan lokaci, ita kuwa tana kisa.

Daga cikin magungunan da suka fi jawo ta akwai kabamazafin da lamotirijin, waɗanda ake bai wa masu farfaɗiya da masu irin taɓin hankalin nan da ke kai mutum ya komo tsakanin matsanancin zumuɗi da baƙin ciki. Galibi takan ɓullo ne cikin makonni takwas na farkon shan maganin. Takan fara da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido, sannan ƙuraje su feso, baki da al'aura su yi gyambo, fata ta riƙa saluɓewa tamkar ta wanda ruwan zafi ya ƙona. Idan saluɓewar ta haura kashi 30 cikin ɗari na jiki, kusan mutum ɗaya cikin uku kan rasu.

Matakin farko shi ne dakatar da maganin nan take. Daga nan sai a kwantar da majiyyaci a sashen masu ƙuna ko na kulawa ta musamman, a yi masa ƙarin ruwa, a tsare raunukan daga ƙwayoyin cuta, a rage masa raɗaɗi. Likitan ido ma dole ya duba shi da wuri, domin cutar kan bar makanta.

Sai dai lamarin mai taɓin hankali ya fi sarƙaƙiya. Sau da yawa ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, in ma ya faɗa akan ɗauka sambatu ne, don haka nauyin lura ya rataya a wuyan masu jinyarsa. Haka kuma janye maganin na iya tayar da ciwonsa na asali, har ya riƙa fizge robar ƙarin ruwa. Wannan ya sa likitan ƙwaƙwalwa kan zaɓi wani magani na daban. Wanda kabamazafin ya yi wa illa ba a musanya masa da fenitoyin ko fenobabital, saboda dangantakar da ke tsakaninsu. Akan kuma rubuta sunan maganin a katinsa na asibiti domin kada a sake ba shi har abada.