Tarin Da Ba Ya Jin Magani: Mene Ne Haɗin Hanji Da Huhun Manomi?

Ɗan uwa manomi, in ka shekara kana tari da kaki, kuma ka ɗan yi kunya biyu a gona sai numfashi ya sarƙe maka, kada ka ce tsufa ne kawai. Akwai cutar toshewar hanyoyin iska na huhu, wadda likitoci ke kira COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum fiye da miliyan 3 a shekarar 2019. Taba ce kan gaba wajen jawo ta, sai hayaƙin itacen girki da ƙurar casa da shiƙa.

To ina ruwan hanji? A cikin hanjinka akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Abincinsu shi ne abin da ciki ba ya iya narkarwa, kamar dusar hatsi, ɓawon wake da ganye. In sun ci, sai su fitar da wasu sinadarai da ke shiga jini, suna taimakawa wajen rage kumburi har a huhu. An gano cewa ƙwayoyin hanjin masu wannan cuta sun bambanta da na masu lafiya. Taba da yawan shan antibayotik kuma suna dagula su.

Haka kuma ƙwannafi ya yi yawa a tsakanin masu cutar, kuma masu shi sun fi fama da tashin ciwon. Ciki in ya cika tam, yana danne huhu daga ƙasa, numfashi ya ƙara wuya.

Abin yi yana cikin rumbunka. Kada a surfe gero da dawa har su yi fari tas. Ka riƙa cin zogale, rama, kuɓewa da miyar kuka. Wake a jiƙa shi ya kwana, ka fara da kaɗan saboda kumburin ciki. Kindirmo ma yana da kyau, in an tafasa madarar kafin a haɗa. Ci kaɗan-kaɗan, kuma kada ka kwanta da zarar ka tashi daga kwano.

Amma fa abinci ba ya gyara huhun da ya lalace. Ka bar taba, ka sa takunkumi ranar casa, a fitar da murhu inda iska ke ratsawa. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa, je asibiti a duba tarin fuka, a kuma gwada ƙarfin numfashinka.