Amfanin Hoton MRI Wajen Tantance Matakin Sankarar Furostet Kafin Gashi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana dalilin ɗaukar hoton MRI kafin a fara yi wa mai sankarar furostet gashi. Furostet wani ƙululu ne mai girman goro a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya jingina da dubura ta baya. Majinyacin da ya fito daga Birnin Kabi ko Argungu, idan aka yanke masa gashi, akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Tafiya ce mai cin kuɗi, gashin kuma yakan ɗauki makonni. Wajibi ne ke nan a san iyakar ciwon tun kafin a fara.

2.0 Abin da Hoton Yake Nunawa

Na'urar MRI tana aiki da maganaɗisu ne, ba da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ba. Paul Lauterbur ya aza harsashinta a 1973, aka ba shi lambar Nobel tare da Peter Mansfield a 2003. Fifikonta shi ne tana rarrabe tsoka da tsoka.

Likitoci sun kasa ciwon mataki-mataki. Idan yana cikin tantanin ƙululun, T2 ke nan. Idan ya huda tantanin, T3a. Idan ya kai jakunkunan maniyyi, T3b. Idan kuwa ya kama maƙwabta irin su dubura, T4. Yatsan likita da gwajin jini na PSA ba su isa su raba waɗannan matakai daki-daki ba.

3.0 Dangantakarsa da Gashi

Matakin ne yake shata iyakar wurin da za a gasa. In an ƙuntata iyakar, ciwon da ya tsallake tantani zai tsira, ya sake tohowa. In an faɗaɗa ta ba dalili, dubura da mafitsara su ƙuna, majinyaci ya gamu da zubar jini ko ciwon fitsari. Hoton CT, wanda ake lissafin gashi da shi, yakan nuna ƙululun fiye da girmansa, shi ya sa ake haɗa hotunan biyu. Haka kuma mai mataki na T3 yakan buƙaci maganin danne sinadarin mazakuta har tsawon shekara 2 zuwa 3 tare da gashin.

4.0 Lokacin Ɗauka

A nan ne abin lura yake ga likitocinmu masu tura majinyata. Maganin nan yana rage girman ƙululun, ya dusasar da alamun ciwon. Tsakurar tsoka domin gwaji kuma tana barin jinin da ke rikita hoto. Saboda haka a ɗauki hoton kafin tsakura, ko a jira kamar mako 6 bayanta, amma dai kafin allurar farko. A kuma tambayi majinyaci ko yana da ƙarfe ko na'urar zuciya a jikinsa.

5.0 Kammalawa

Hoton MRI yana da iyakarsa, don ba ya ganin ɗan tsallaken da sai madubin likita yake gani. Sai a auna shi tare da PSA da sakamakon tsakura. Amma duk takardar turawa da za ta bar Ƙasar Kabi zuwa Sakkwato, ya kamata ta faɗi ranar tsakura, da ranar hoto, da ranar allurar farko.