Daga ɗan ciki zuwa dashiki: tafiyar kalma da tufa

A birane irin su New York da Landan akwai wata riga mai faɗi da ado a wuya wadda ake kira dashiki. Masana harshe sun gano cewa asalin kalmar Hausa ce: ɗan ciki, wato ƙaramar rigar da ake sawa ƙarƙashin babbar riga.

Kalmar ta fara shiga Yarbanci ta hanyar fatauci, inda ta zama danshiki. Sauyin yana da dalili. Yarbanci ba shi da harafin ɗ mai lanƙwasa, don haka ya koma d; ba shi da sautin c, sai sh ya maye gurbinsa. Da ta isa Ingilishi, n ɗin tsakiya ya faɗi.

A Amurka ma'anar ce ta sauya. A shekarar 1967 Jason Benning da abokansa suka kafa kamfanin New Breed a unguwar Harlem, suka riƙa ɗinka rigar. Lokacin baƙaƙen fata na fafutukar neman 'yanci, suna kuma neman abin da zai nuna tushensu na Afirka. Rigar da Bahaushe ke ɓoyewa a ciki ta fito fili, ta zama alamar tutiya da asali.

Yadin kuwa wata hanya ya biyo. Zanen da aka fi sani da dashiki a yau, mai suna Angelina, Toon van de Manakker ya tsara shi a farkon shekarun 1960 a masaƙar Vlisco ta garin Helmond a Holand, yana kwaikwayon adon wata rigar matan sarautar Habasha. Ita kanta masaƙar ta ginu ne kan kwaikwayon batik na tsibirin Java.

Ke nan riga ɗaya ta tara sunan Hausa, lafazin Yarbawa, adon Habasha da bugun Turai. Kasuwar duniya tana kiranta "rigar Afirka" kawai, ta shafe waɗannan sawaye duka, har matashi a Maraɗi ko Damagaram kan saye ta a matsayin baƙuwa. Yadi ba ya faɗin inda ya fito, amma sautukan kalma sukan riƙe shaida. Bin diddiginsu aikin masanin harshe ne, kuma da shi ake mayar wa kowace al'umma rabonta na gadon.