Tokar Kwal Ba Tokar Murhu Ba Ce

Duk inda aka ƙona kwal don samar da lantarki, abu biyu ke saura. Hayaƙi ya tashi sama ɗauke da iskar kabon dayoksaid mai ɗumama duniya, toka kuma ta taru a ƙasa, a jibge ta tsibi-tsibi ko a dama ta da ruwa a zuba a manyan kududdufai. Masu bincike a Sin da Ostireliya da Afirka ta Kudu sun daɗe suna gwada yadda tokar za ta haɗiye iskar.

Dabarar gaskiya ce. A cikin tokar akwai sinadarin kalsiyam. Idan aka jiƙa ta aka hura mata iskar kabon, sai kalsiyam ɗin ya cafke iskar su dunƙule su zama kalsiyam kabonet, wato abin da ke cikin dutsen da ake haƙowa a Kalambaina da Ashaka ana yin siminti. Iskar da ta shiga dutse ba ta sake fitowa da sauƙi. A masana'anta sai an gasa shi da zafin kusan digiri 900. Tokar ma kaifinta na raguwa, har a iya yin tsakuwar gini da ita.

To, ina gizo ke saƙar? A lissafi. Tan ɗaya na kwal mai kyau yana fitar da iskar kabon fiye da tan 2, amma tokar da yake bari ba ta kai rabin tan ba. Ita kuma tokar ba duka ba ce kalsiyam. Wata ma kusan yashi ce zalla, abin da za ta kama bai taka kara ya karya ba. Ko da an yi aikin da tokar gaba ɗaya, ba za ta shanye kashi ɗaya cikin goma na iskar da kwal ɗin ya saki ba. Ga kuɗin ruwa, ga wutar da injinan za su ci. Duk wanda ya ce wannan fasaha ta wanke kwal tas, romon baka yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne tokar kanta. Mun saba da tokar itace, muna kai ta gona, har ruwanta muke sa wa miya. Ta kwal tana ɗauke da guba irin su asinik da dalma, kuma ruwan sama na iya gangarar da su cikin rijiya. Ranar 22 ga Disamba 2008 bangon wani kududdufin toka ya ɓalle a Kingston, jihar Tennessee ta Amurka. Caɓin ya malale hekta kusan 120, ya rusa gidaje, ya cika kogi. Da yawa daga cikin leburorin da suka kwashe shi sun kamu da cutar huhu da kansa, maganar ta kai kotu.

Mu ma muna da kwal. Kamfanin SONICHAR na ƙona shi a Anu Araren ta jihar Agadas, ana kuma haƙar sa a Maiganga ta jihar Gombe. Wanda ke zaune kusa da inda ake zubar da tokarsa kada ya ɗebe ta ya kai gona da sunan taki, kada a bar yara su yi wasa a kanta, a rufe bakin rijiya lokacin hunturu da ƙura ke tashi. In kuwa kamfani ya zo da alƙawarin mayar da hayaƙi dutse, masu unguwa su tambaye shi tan nawa zai kama a shekara, tan nawa yake saki, kuma wa zai riƙa gwada ruwan rijiyoyin gari.